Hanyar Ƙafa a Gaɓar Teku: Darasi Daga Kudu Maso Yammacin Ingila

Yawancinmu a wannan makaranta ba mu taɓa ganin teku ba sai a taswira. Duk da haka mun san darajar hanyar ƙafa, domin ita ce take kai mu gona, rafi da kasuwa. Bari mu dubi wata hanya mai tsawo a ƙasar Ingila, mu ga yadda aka same ta, da yadda ake kiyaye ta.

Inda hanyar take

Hanyar ta tashi daga garin Minehead, ta bi bakin teku ta cikin ƙasar Devon da Cornwall, ta ƙare a Poole. Tsawonta mil 630 ne, wato kimanin kilomita 1,014. Mai tafiya a hankali yakan yi mako bakwai zuwa takwas kafin ya gama ta. Hawa da gangara sun yi yawa a cikinta, har idan aka haɗa hawan duka zai kai kusan ninki huɗu na tsayin dutsen Everest. Amma yawancin masu zuwa ba dukanta suke bi ba. Iyali sukan ɗauki guzurinsu, su yi tafiyar awa biyu ko uku, su zauna a wurin shaƙatawa su ci abinci, su koma gida da yamma.

Asalinta

Ba domin yawon shan iska aka fara wannan hanya ba. A da, 'yan fasa-ƙwauri sukan shigo da giya, taba da ganyen shayi daga Faransa da dare don su kauce wa haraji. A shekara ta 1822 aka kafa rundunar masu gadin gaɓar teku. Su ne suke sintiri da ƙafa, kuma dole su leƙa kowane lungu da jirgin ruwa zai iya ɓuya. Shi ya sa hanyar take manne da bakin teku, tana bin kowace kwana, maimakon ta yanke ta miƙe.

A Cornwall matafiyi yakan wuce kangayen ɗakunan injin haƙar kuza, irin ma'adinin da muka sani a Jos. A shekara ta 2006 aka sa wuraren haƙar nan cikin jerin kayan tarihi na duniya.

Yadda talaka ya sami iznin wucewa

Yawancin filayen karkara a Ingila na masu dukiya ne, kuma da can sukan hana mutane ratsawa. A shekara ta 1932 ɗaruruwan ma'aikata suka hau tudun Kinder Scout a arewacin ƙasar ba tare da izni ba, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Hukuncin ya tada hankalin jama'a ƙwarai. A shekara ta 1949 majalisa ta yi dokar da ta buɗe ƙofar kafa dogayen hanyoyin ƙafa. Aka riƙa buɗe wannan hanya kashi-kashi, har aka kammala a 1978.

Wata ƙungiya mai suna National Trust ta ga cewa doka kaɗai ba ta isa ba, gama masu kuɗi suna sayen bakin teku suna yin gine-gine. A shekara ta 1965 ta fara tara gudummawa daga hannun jama'a tana sayen filayen, don su zauna a buɗe ga kowa. Ta haka ɗaruruwan mil na gaɓar teku suka tsira.

Abin da ke yi mata barazana

Na farko shi ne teku kanta. Raƙuman ruwa suna cin gindin tudu, ƙasa ta zabtare da hanyar. A lokacin sanyin 2013 zuwa 2014 guguwa ta lalata wurare da dama, har ta rushe hanyar jirgin ƙasa a Dawlish. Inda haka ta faru, akan matsar da hanya, sau da yawa zuwa gefen gonar manomi.

Na biyu shi ne halin baƙi. Wanda ya bar ƙyaure a buɗe, tumaki sun fita. Wanda ya saki karensa, ya kori garke. Wanda ya yar da kwalba ko ya bar wuta, ya jawo hasara. Saboda haka suna da ƙa'idodi: a bi hanyar da aka sa wa alama, a bar ƙyaure yadda aka same shi, kowa ya kwashe shararsa zuwa gida.

Manomi da baƙo suna bukatar juna. An gane haka a 2001, lokacin da cutar baki da kofato ta kama dabbobi, aka rufe hanyoyin ƙafa na karkara. Masu masauki, masu kanti da masu sayar da abinci a ƙauyuka suka rasa ciniki na watanni.

Abin da za mu koya

Hanyar da ta zama ta kowa ba ta tsare kanta. Mun san yadda burtali yake ƙanƙancewa idan kowane mai gona ya ci taku ɗaya a kowace damina, mun kuma san rigimar da take biyo baya. Idan ajinmu ya fita shaƙatawa a bakin dam ko gindin dutse, mu nemi izni wurin masu wurin, kada mu tattake shuka, kada mu karya reshe, mu tattara ledojinmu kafin mu tashi. Waɗanda za su zo bayanmu su ma suna da rabo a wurin.

Tambayoyi

1. Me ya sa hanyar take bin kowace kwana ta bakin teku?
2. Don me ƙungiyar nan ta sayi filaye, alhali akwai doka?
3. Wace hanya ko fili ne na kowa a garinku, kuma wa yake lura da shi?