WUTAR DAJI: DARASI DOMIN MANOMA DA DAGATAI

An rubuta wannan takarda domin manoma masu karatu, da dagatai da masu unguwa na Dinawa da sauran garuruwan ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo. Maganarta a kan wutar daji ce: inda ta ke fitowa, da ɓarnar da ta ke yi, da yadda za a tare ta. Wanda ya karanta, sai ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba.

1. LOKACIN WUTA

Ruwan sama a ƙasar Sakkwato yakan ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Daga nan ciyawa ta soma bushewa. In Nuwamba ta yi, iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, busasshiya, ba ta ɗauke da laima ko kaɗan. Tun daga wannan lokaci har faɗuwar ruwan fari, daji kamar auduga ya ke a gaban wuta. Wannan kuwa shi ne lokacin da damman gero da dawa su ke tare a gona, harawa tana bisa itace, rumbuna sun cika. Watau wuta tana zuwa ne sa'ad da wahalar shekara duka ta ke ajiye wuri ɗaya.

2. MASU TA DA ITA

Kusan kowace wutar daji a ƙasarmu hannun mutum ne ya kunna ta. Ga hanyoyin da aka fi sani. Yara da mafarauta sukan cinna wa ciyawa wuta domin su kori gafiya da zomo. Masu ɗiban zuma sukan yar da bakin wuta a gindin itace bayan sun gama. Manomi yakan ƙone sassabe da tsakar rana, iska ta ƙwace masa. Makiyayi yakan ƙone tsohuwar ciyawa yana neman sabon toho. Masu yin gawayi sukan bar rami bai mutu ba. Matafiyi yakan jefar da guntun taba a bakin hanya. Ba wanda ya yi nufin ƙone gari a cikinsu, amma wuta ba ta tambayar nufin wanda ya kunna ta.

3. ABIN DA WUTA KE CI

Na fari, tana cin ƙarfin ƙasa. Mutane da yawa suna cewa toka taki ce. Akwai gaskiya kaɗan a ciki, gama toka tana da ɗan abincin shuka. Amma akwai wani abinci mafi muhimmanci, wanda masana ke kira naitirojin, shi ne wanda a ke saye da tsada a buhun yuriya. Wannan yana cikin kara da ganye da ciyawa, in an ƙone su kuwa sai ya bi hayaƙi ya tafi. Tokar da ta rage ma iskar hunturu takan kwashe yawancinta. In da an bar karan a kwance, da gara ta ci shi, ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga.

Na biyu, tana tsiraita ƙasa. Ƙasar da ba ta da sutura, ruwan fari yakan wanke ta zuwa kwari, daga kwari zuwa Gulbin Rima. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, an yi ta ne ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. A 2018 ruwanta ya ja baya ƙwarai, aka ambaci ƙarancin ruwan sama da taruwar yashi a cikinta. Saboda haka mai ƙone tudu yana cutar mai albasa da tafarnuwa da shinkafa a fadama, ko da ba su taɓa ganin juna ba.

Na uku, tana kashe 'ya'yan itatuwa. Babbar tsamiya ko ƙirya sukan jure, domin ɓawonsu yana da kauri. Amma ɗan gawo da ɗan aduwa da 'yar magarya waɗanda ba su kai gwiwa ba, wuta ɗaya ta ishe su. Dajin da a ke ƙonewa kowace shekara tsofaffi kaɗai ke cikinsa, ran da suka faɗi ba magaji.

Na huɗu, tana cin abincin dabbobi. Ciyawar da ta ƙone a Disamba ita ce shanu za su nema a bazara. In ba su samu a daji ba, sai su nufi lambu, daga nan rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi.

Na biyar, tana hallaka namun daji. Masu gudu kamar gada sukan tsira, amma su rasa maɓoya. Bushiya da kunkuru da damo da hawainiya ba su iya tsere mata. Ƙudan zuma, waɗanda ke kai ƙurar fure daga wannan shuka zuwa waccan har ta yi 'ya'ya, sukan ƙone tare da amyarsu. Macizai da mujiya masu cin ɓera in sun ragu, ɓera ya yawaita a rumbu.

4. LABARIN WAƊANSU ƘASASHE

Kada a ce wannan masifa ta ƙasar fako ce kaɗai. Kurmi, inda ruwa ke zuba yawancin shekara, da can wuta ba ta cika kama shi ba, gama inuwa tana riƙe laima a ƙasa. Amma in an sare manyan itatuwa rana ta shiga, sa'an nan fari ya zo, sai kurmi ya kama. Itatuwansa kuwa ɓawonsu siriri ne, ba su saba da wuta ba, sai su mutu. Wanda ya ƙone sau ɗaya ya fi saurin ƙonewa na biyu.

A 1983, bayan fari mai tsanani, wuta ta ci gonakin koko da na abinci a ƙasar Gana, aka yi yunwa. A 2015 ta ci wajen hekta miliyan 2.6 a Indunusiya, hayaƙinta ya sa aka rufe makarantu har a ƙasashen maƙwabta. A 2024, shekarar da ta fi dukan waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara aunawa, kurmin Amazon na Amurka ta Kudu ya sha fari da wuta mai yawa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma labari mai daɗi kusa da mu. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, manoma suka soma barin tohon kututture a gonakinsu, suna zaɓen reshe mai ƙarfi, suna sassabe sauran, ba su ƙonewa. Ta wannan hanya aka komo da itatuwa wajen miliyan 200 a Jamhuriyar Nijar. Ƙasarsu ba ta fi tamu ruwa ba.

5. ABIN DA MANOMI ZAI YI

(a) Da an gama girbi, a share hanyar tare wuta kewaye da gona da rumbuna da masussuka. Faɗinta kada ya gaza taki 10. A nome ta ƙal, a kwashe ciyawar, a fi faɗaɗa ta a gefen da iskar hunturu ke fitowa.

(b) Kada a tara dammai ko harawa duka wuri ɗaya, kada kuma a jingina su da dangar kara.

(c) Karan gona a bar shi kwance, ko a ba dabbobi, ko a zuba a ramin taki. In akwai ƙaya ko kara mai tsutsa da lalle sai an ƙone, a tara shi tsibi-tsibi a tsakiyar fili, a ƙone da sassafe ko da maraice sa'ad da iska ta kwanta. Kada mutum ya yi shi kaɗai, kada ya tafi sai toka ta yi sanyi.

(d) Mai ɗiban zuma da mai gawayi su binne wutarsu da ƙasa kafin su juya baya.

6. ABIN DA DAGACI ZAI YI

Tun kaka ya tara masu unguwa da Sarkin Noma da Arɗo da shugaban mafarauta, su sa ranar gayya ta share hanyar wuta a bayan gari da gefen makiyaya. Ya sa a yi shela a kasuwa da masallacin Juma'a. Ya sanar da jama'a cewa tun 2011 akwai dokar Tarayya da ta hana ƙone daji ba da izini ba. Ya zaɓi samari masu ƙarfi, a san su, a kuma san alamar kiransu, ko ganga ko waya. In wuta ta auku, ya kai labari ga hakimi da malamin daji na ƙaramar hukuma. Inda daji ya zama maɓoyar 'yan bindiga, kamar yadda ya faru da dajin Gundumi, kada ya tura kowa ciki, a tsare bakin gonaki kawai.

7. IN WUTA TA TASHI

A fara fid da yara da tsofaffi da dabbobin da ke ɗaure. Kada a tare ta gaba da gaba, a bi ta gefe da baya, ana bugu da ɗanyen reshe, ana zuba ƙasa. Wuta ta fi sauri in tana hawan tudu, saboda haka kada a tsaya bisanta. Wanda ta rutsa da shi ya nufi inda ya riga ya ƙone, ko fili marar ciyawa. Wanda tufarsa ta kama kada ya yi gudu, ya kwanta ya yi birgima. A zuba wa ƙuna ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20. Kada a shafa gishiri ko ƙwai ko mai. A rufe da tsumma mai tsabta, a kai shi asibiti.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa toka ba ta kai kara amfani ga gona ba?
2. Ta ƙaƙa mai ƙone tudu ke cutar mai fadama?
3. Ta wane gefen garinku wuta ta fi zuwa, wa kuma zai share wurin bana?

Allah ya kiyashe mu da gobara, ya sa albarka a abin da muka noma.