Ƙurar Wurin Aiki da Haƙƙin Ɗaukaka Ƙara

Gabatarwa

Ma'aikacin da inji ya yanke wa yatsa ba ya shan wahalar nuna cewa a bakin aiki ya ji rauni. Amma wanda ƙura ta lalata wa huhu, lamarinsa daban ne, domin cutarsa a hankali take shiga. Irin wannan ma'aikaci yana iya neman diyya a hana shi. To, wace hanya ta rage masa?

Yadda Ƙura Ke Lalata Huhu

A wuraren fasa duwatsu da haƙar ma'adinai, iska tana ɗauke da ƙurar silika. Mafi ƙanƙanta daga cikinta takan wuce har cikin 'yan jakunkunan iska na huhu. A nan ƙwayoyin garkuwar jiki sukan haɗiye ta, amma ba sa iya narkar da ita, sai su mutu. Wurin yakan kumbura, daga bisani ya zama tabo mai tauri wanda ba ya warkewa. Sau da yawa sai bayan shekara 10 ko fiye alamu ke bayyana, wato tari da sarƙewar numfashi. Wannan jinkiri shi ne tushen gardama, don ana iya ɗora laifin a kan shan taba ko tarin fuka.

Abin da Doka Ta Tanada

A Nijeriya, Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wannan aiki a kan hukumar NSITF. Masu ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kuɗi a asusunta, ba a cirewa daga albashi. Ana neman diyya ne cikin shekara 1, ko shekara 3 in akwai uzuri na musamman. Idan hukumar ta ƙi biya, ga matakan da ake bi:

1. Ma'aikaci ya rubuta wa hukumar takardar neman sake duba hukuncin cikin kwana 180. Wanda ya bari wa'adin ya wuce ya rasa wannan dama.
2. Wajibi ne hukumar ta yanke hukunci cikin kwana 180.
3. In bai gamsu ba, sai ya kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa a Kano da Kaduna da sauran birane.

Hujjar Kimiyya

Rantsuwa kaɗai ba ta isa. Ana buƙatar hoton ƙirji, da gwajin ƙarfin numfashi, da rahoton likita, da takardun da ke nuna shekarun aiki cikin ƙura. Samun tarin fuka ma bai wanke ƙura ba, domin huhun da silika ta raunana ya fi saurin kamuwa da shi.

Kammalawa

Doka ta buɗe ƙofa, amma hujja da kiyaye wa'adi ne ke shigar da mutum. Ɗalibin da ya san haka yana iya ceto haƙƙin mahaifinsa ko maƙwabcinsa.