Darasin Sufuri Daga Hanyar Michika: Zaɓin Direba Da Aljihun Mai Mota

Duk ɗan kasuwan da ya yi niyyar zuba jari a motar ɗaukar kaya, abin da ya fi sa wa ido shi ne farashinta da yawan tan ɗin da za ta ɗauka. Shi kuwa direban da za a damƙa wa makullin, abubuwa uku yake fara dubawa, wato giya da sitiyari da kuma wurin zamansa. Masu motoci da dama suna ɗaukar wannan a matsayin son jiki. Amma idan aka bi lissafin, za a tarar cewa zaɓin direban yana taɓa ribar mai mota kai tsaye, musamman a hanya irin ta Michika.

Garin Michika yana arewacin Jihar Adamawa, a gindin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Kamaru. Babbar hanyar da ta taso daga Yola ta ratsa Gombi da Hong da Mararrabar Mubi da Uba ita ce ta bi ta garin, ta wuce Madagali da Gwoza har zuwa Bama a Jihar Borno. Ta wannan hanya ake fitar da dawa da masara da wake da gyaɗa, ta nan kuma siminti da taki da kayan masarufi ke shigowa. Haka nan tireloli na lodin shanu a kasuwar Mubi su nufi kudancin ƙasar nan. Rikicin Boko Haram, wanda ya kai ga kama Michika a watan Satumba na 2014 da kuma Mubi a watan Oktoba na shekarar, ya bar ɓarna a kan hanyar, ciki har da karya gadar Kudzum, abin da ya tilasta wa motoci ratse na tsawon shekaru. Motar da za ta yi aiki a irin wannan wuri ba a auna ta da ma'aunin titin birni.

Batun giya shi ne ya fi nauyi. Akasarin direbobin manyan motoci a Arewa sun koyi tuƙi ne suna yaran mota a kan giyar hannu, kuma har yau ita suka fi amincewa da ita. Dalilinsu ba al'ada kaɗai ba ce. A gangare da kaya cike, direba yana sa ƙaramar giya tun kafin ya fara sauka, domin inji ya riƙe motar, birki kuma ya huta kada ya yi zafi ya saki. Idan taya ta kafe a taɓo ko yashi a wurin ratse, yana iya wasa da kuloci, ya ja gaba ya ja baya har motar ta fita. Idan batir ya yi sanyi a ƙauye, ana iya tura ta ko a gangara da ita ta tashi. Daɗin daɗawa, in kuloci ya ƙone, bakaniken da ke bakin tasha a Mubi zai sauke giyabos ya canza shi da kayan aikin da ke hannunsa. Wannan sauƙin gyara na daga cikin abin da ya sa Mercedes 911 mai gajeren hanci, irin wadda kamfanin ANAMMCO ya riƙa harhaɗawa a Enugu tun farkon shekarun 1980, ta daɗe tana hidimar kasuwannin karkara bayan an daina ƙera ta.

Sai dai duniyar masu ƙera motoci ta juya wani ɓangaren. Kamfanin Mercedes-Benz ya fito da Actros a 1996 da tsarin canza giya ta hanyar lantarki, Volvo kuma ya fito da nasa mai suna I-Shift a 2001, yayin da motocin DAF da MAN da Iveco suka riƙa zuwa da giyar AS Tronic ta kamfanin ZF na Jamus. A wannan tsari giyabos ɗin da kulocin suna nan, amma kwamfuta ce ke taka kuloci ta zaɓi giya. Amfaninsa a fili yake: direba ba ya gajiya da canji, sabon direba ba ya ƙona kuloci da ganganci, kuma motar tana zaɓar giyar da ta fi tsimin man gas. Ga mai mota wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda mai shi ne ke cinye kaso mafi girma na kuɗin kowace tafiya.

Matsalar ita ce irin wannan giya tana bukatar batir mai ƙarfi, da iska isasshiya a tanki, da wayoyi masu lafiya. Da zarar ɗaya ya sami tangarɗa, motar na iya ƙin shiga giya baki ɗaya, kuma ba a gane cutar sai an haɗa ta da na'urar bincike. Wanda ya iya wannan aiki ba a kowane gari yake ba. Idan za a ja ta, sai an kwance farfela, in ba haka ba a lalata giyabos.

A nan ne darasin tattalin arziki yake. Kuɗin mota ba ya ƙarewa a ranar da aka saye ta, domin kowace ranar da ta kwana a gareji asara ce. Alal misali, a ɗauka mota tana yin sawu takwas a wata. Idan ta yi mako guda tana jiran mai gyara ko kayan gyara daga Kano ko Onitsha, ta rasa kimanin sawu biyu, wato kashi ɗaya bisa huɗu na cinikin watan, alhali albashin direba da biyan bashin da aka ci aka saye ta ba su tsaya ba. Da wuya tsimin mai ya cike wannan giɓi. In kuwa shanu ke cikin motar, ko kayan da ke lalacewa, asarar ta wuce ta sawu. Saboda haka ga mai mota ɗaya ko biyu da ke zirga-zirga tsakanin Michika da Mubi da ƙauyukan kan iyaka, hujjar direba ta fi ƙarfi. Ga kamfanin da ke da motoci masu yawa da garejinsa na kansa, wanda kuma ke bin doguwar kwalta zuwa kudu, lissafin na iya juyawa.

Akwai kuma abin da ya kamata a hango. Mafi yawan sabbin manyan motocin da ake sayarwa a Turai yanzu masu canza giya da kansu ne, kuma su ne za su zama tsofaffin da za a shigo da su Nijeriya nan gaba. Wanda ke son giyar hannu zai ƙara karkata ga motocin China irin su HOWO, wadda ake harhaɗawa a Legas bisa haɗin gwiwar Dangote da Sinotruk. Bakaniken da ya koyi gyaran giyar kwamfuta ya kafa shago a Mubi ba zai rasa ciniki ba.

Game da sitiyari babu gardama mai yawa. Direban da ya saba da mai famfon mai ba ya son komawa ga tsohon da ake murɗawa da ƙarfin ƙirji, musamman wajen juya mota a cikin cunkoson kasuwa. Abin lura kawai shi ne yoyon mai, domin idan ya ƙare ko inji ya mutu a kan tafiya, sitiyarin kan yi tauri nan take. Babban hatsarin yana ga motocin da aka juya wa sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, kuma dokar hanya ta hana amfani da mota mai sitiyari a dama. Motoci da yawa daga Ingila da Japan, ciki har da wasu Canter da ake rarraba kaya da su, da sitiyarin dama aka ƙera su, sai a juya shi kafin a sayar. Inda aka yi juyin da walda da yanke-yanke, wurin na iya ɓallewa a hanya mai ramuka. Arahar irin wannan mota ba ta kai a saya ba tare da an sa ƙwararre ya shiga ƙarƙashinta ya duba ba.

Sauran abin shi ne jin daɗin zama, wanda masu motoci suka fi rainawa. Kujera mai iska tana rage bugun da bayan direba ke sha a kan ramuka, kuma ciwon baya na daga cikin abin da ke raba gogaggen direba da sana'arsa. Gadon da ke bayan kujera a kan tirela yana ba shi damar barci kusa da kayansa maimakon shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota. Na'urar sanyaya wuri kuwa, wadda direbobi ke marmari a zafin Maris da Afrilu da kuma ƙurar hunturu, takan zama abin saɓani, domin tana ƙara shan mai. Inda aka yanke wa direba kuɗin man tafiya a hannu, shi da kansa yakan kashe ta ya buɗe gilashi don ya rage wani abu, ko da kuwa zai isa a gajiye. Inda mai mota ke zuba man, shi ne ke ƙin gyara ta idan ta lalace. Ke nan yarjejeniyar da ke tsakaninsu kan kuɗin mai ita ce ke tsayar da ko na'urar za ta yi aiki, kuma gara a warware wannan magana tun kafin motar ta ɗauki lodin farko.