DARASI A KAN MAGUNGUNAN JINI DA ABIN DA YA KAMATA MUSULMI YA SANI

Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, dalilin wannan darasi shi ne wani dattijo da ya tare ni bayan sallar Asuba a nan Birnin Ƙonni. Ya ce likita ya ɗora shi a kan maganin tsinka jini saboda ciwon zuciya, ga shi kuma ya saba yin ƙaho duk shekara, shin ya kira wanzami ko ya bari? Na ce ya dakata. Ga bayanin dalili, domin amfanin ya game kowa.

Ku sani Allah Ya sanya wa jini awo. Idan mutum ya yanke, wasu ƴan ƙwayoyi a cikin jinin suna taruwa a bakin raunin, sannan wani zare ya saƙu a kansu, sai jinin ya daskare ya tsaya. Amma idan ya daskare a cikin jijiya, gudan yana iya toshe hanyar zuciya, ko huhu, ko ƙwaƙwalwa. Idan kuma ya ƙi daskarewa, mutum ya tsiyaye. Saboda haka magungunan sun kasu kashi uku.

KASHI NA FARKO: masu hana daskarewa. Aspirin, wanda aka haɗa a Jamus a 1897, yana hana ƙwayoyin nan mannewa da juna, kuma aikinsa yana kai kwana 7 zuwa 10 a jiki bayan an daina sha. Warfarin kuwa an fara sayar da shi a Amurka a 1948 a matsayin gubar ɓera, sai a 1954 aka yarda a ba ɗan Adam da awo. Yana hana hanta amfani da bitamin K, wanda da shi take haɗa sinadaran daskarewa. Shi ya sa ake yi wa mai shansa gwajin jini a kai a kai, kuma ba a son ya riƙa cin ganye irin alayyafo da yawa yau, gobe ya bari. Ba a ba mai ciki shi, domin yana cutar da ɗan tayi. Allurar heparin ake yi mata.

To, mai shan irin waɗannan kada ya yi ƙaho, ko tsaga, ko cire haƙori, sai da sanin likitansa. Ƙaho abu ne da ya tabbata a Sunna, amma ba wajibi ba ne, kiyaye rai kuwa wajibi ne. Kada kuma ya haɗa su da magungunan ciwon jiki na ƴan talla, irin su diclofenac da ibuprofen, domin suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Baƙin bayan gida, da haɓo mai ƙin tsayawa, da jini a fitsari, alamu ne na a garzaya asibiti.

KASHI NA BIYU: masu narkar da gudan da ya riga ya toshe jijiya, kamar streptokinase da alteplase. A babban asibiti kaɗai ake yin su. Ga mai shanyewar ɓarin jiki, bisa ka'ida ana ba da alteplase cikin awa 4 da rabi, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, domin wata shanyewar daga fashewar jijiya take, maganin kuma zai ƙara mata. Idan baki ya karkace ko hannu ya saki, a yi addu'a a kan hanya, kada a kwana ana cewa iska ce.

KASHI NA UKU: masu tsayar da jini. Babbansu shi ne tranexamic acid, wanda wata likita ƴar Japan, Utako Okamoto, da mijinta suka gano a 1962. Yana hana gudan da ya toshe rauni narkewa. A 2017 an fitar da sakamakon bincike a kan mata fiye da 20,000 a ƙasashe 21, har da Nijeriya: idan aka yi wa mai zubar jini bayan haihuwa allurar nan cikin awa 3, mutuwa ta dalilin zubar tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. A 2023 wani binciken, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a Kano take cikin jagororinsa, ya nuna auna jinin da wuri da haɗa magunguna a lokaci guda, har da wannan, ya rage zubar jini mai tsanani da kashi 60 cikin 100.

Ya ku magidanta na ƙauyukan Illela da Malbaza da Ƙonni, ku lura da awa ukun nan. Matar da aka tsaya jiran izinin mijinta, ko neman amalanke bayan jini ya ɓalle, lokacinta ake ci. Ku ba da izini tun kafin naƙuda, ku tanadi kuɗin mota, ta haihu a hannun ungozomar asibiti. Kada a ɗauki kwararar jini a matsayin jinin biƙi da aka saba.

Haka manomi da kububuwa ta sara a gona: dafinta yana hana jini daskarewa, yin tsaga a wurin ƙarin ɓarna ne. Maganinsa allurar karya dafi ce a asibiti.

MAS'ALOLI BIYU. Na ɗaya, mafi yawan heparin daga hanjin alade ake samo shi. Mara lafiya yana da ikon tambaya ko akwai madadinsa. Idan amintaccen likita ya ce babu, kuma rai na cikin haɗari, hukuncin lalura ya hau. Na biyu, Majalisar Fiƙihu ta Musulunci a zamanta na Jidda a 1997 ta yanke cewa allurar magani da ba ta abinci ba ba ta karya azumi. Ƙwaya kuwa, likita ne zai tsara lokacinta tsakanin buɗa-baki da sahur. Kada kowa ya bar maganinsa da kansa saboda Ramadan, alhali shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sauki matanmu lafiya. Allah ne Mafi sani.