Kare Mai Ɓarna Idan Ubangidansa Ya Fita

'Yan'uwana ɗalibai, a ƙasar Katagum ba a saba ajiye kare don ado ba. Mafarauci yana da nasa na shiga daji, Bafillace yana da mai bin shanu, manomi kuwa a bakin kogin Jama'are yana da mai tsare masa gona. Yawancin mutanen ƙasar Musulmi ne, kuma irin waɗannan karnuka na aiki su ne malamai suka yarda a riƙe. Amma tun da aka mai da gadon sarautar Katagum zuwa Azare a 1916 garin yake ta bunƙasa, har ya zama garin makarantu da asibitoci da ofisoshi. Ta haka aka sami wani kare dabam, watau karen ma'aikaci, wanda a kan bari shi kaɗai a gida tun ƙarfe 7 na safe har ƙarfe 2 na rana. A kansa nake so in yi magana, domin da yawa cikinmu in mun gama karatu ƙauye za a tura mu, kuma wani zai nemi ɗan kwikwiyo don gadi.

Ga yadda abin ya kan kasance. Malam ya taso daga makaranta a gajiye, ya tarar kare ya gwaguye masa takalmi, ya yayyaga tabarma, ya kakkarce ƙyaure. Maƙwabta kuma suna ƙara, wai tun safe kuka ya hana su sakat. Sai Malam ya ɗauki sanda. Gobe ma haka, jibi ma haka. Daga ƙarshe ya gaji ya kori karen, ya zama na bin juji, ba mai ba shi abinci, ba mai yi masa allura. Abin da nake so mu gane shi ne, ɓarnar nan tana da dalili, kuma sai an san dalilin ake samun maganin. Dalilan da suka fi yawa uku ne.

Dalili na farko: haƙora

Kwikwiyo yana da haƙoran yarinta 28. In ya kai wata 3 zuwa 4 sai ya fara famfara, kamar yadda yaran aji ɗaya suke yi. Kafin ya cika wata 7 manyan haƙora 42 sun fito. A tsakanin nan dasashinsa yana ƙaiƙayi da ciwo, ba abin da ke sanyaya masa sai tauna. Ba yadda za a yi a hana shi, sai dai a zaɓa masa abin da zai tauna. A ba shi igiya mai kauri da aka ƙuƙƙulla, ko busasshen ƙirgi, ko babban ɗanyen ƙashin sa wanda ya fi ƙarfin haɗiya, ana lura da shi. Kada a ba shi dafaffen ƙashi, balle na kaza, domin yana tsagewa ya yi tsini, ya soke shi a maƙogwaro ko a hanji. Kada kuma a ba shi tsohon takalmi, don kare bai san bambancin tsoho da sabo ba. In ka kama shi da abin da ba nasa ba, ka ce "Bari!" sau ɗaya, ka karɓe, ka miƙa masa nasa, in ya kama ka yaba masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dalili na biyu: zaman banza

Na lura karen mafarauci da na makiyayi ba safai ake kuka da su a kan ɓarna ba. Sun yini suna tafiya, suna sansana, suna gudu, in sun dawo sai barci. Karen ma'aikaci kuwa yana ɗaure a turke, ƙarfi ya taru a jikinsa, ba inda zai kai shi. Duk malamin da ya taɓa barin aji ba aiki na minti 10 ya san abin da zai tarar. Maganin wannan shi ne aiki. A fita da shi da sassafe a igiya, ko da na minti 30 ne, da yamma kuma a sake. A watsa masa wani kashi na abincinsa a tsakar gida ya nema da hanci. Takalma da littattafai da wayar lantarki, da maganin ɓera da na feshin gona, duk a ɗauke su daga inda bakinsa zai kai.

Dalili na uku: kewa

Wannan shi ne mai wuya, shi ne kuma mutane ba su cika ganewa ba. Kare dabba ne mai son jama'a, ya kan shaƙu da mai shi ƙwarai. A darasin ilmin halayyar yara mun ji labarin gwajin Mary Ainsworth, wadda ta duba abin da ƙaramin yaro ke yi in uwarsa ta fita ta bar shi a baƙon ɗaki. A 1998 wasu masana a ƙasar Hangari suka yi irin gwajin nan da karnuka, suka ga kare ma ya kan tsaya bakin ƙofa yana jiran mai shi, in ya dawo ya tarye shi dabam da yadda yake taryar baƙo. To, a wasu karnuka shaƙuwar nan ta kan zama tsoro mai tsanani da zarar an bar su su kaɗai. Ya kan faru bayan an sauya gida, ko an sauya mai shi, ko bayan dogon hutu da suka saba yini tare.

Yaya za ka bambanta shi da na zaman banza? Ga alamu. Tun kana sa hula kana ɗaukar makulli zai fara kai da kawowa yana haki. Ɓarnar ta kan soma cikin rabin sa'a na farko bayan fitarka, kuma ta fi yawa a bakin ƙofa da taga, watau hanyar da ka bi. Yana kuka, yana dalalar da miyau, wani har ya yi fitsari ko kashi a inda bai saba ba. Abincin da ka bar masa ba zai taɓa ba sai ka dawo. In kana gida kuwa lafiya lau. Ka roƙi maƙwabci ya saurara maka, ko ka bar waya tana ɗaukar murya, za ka san gaskiya.

Me ya sa duka ba ya magani?

Thorndike, wanda ya yi gwaji da kyanwoyi cikin akwati a Amurka a 1898, ya nuna dabba tana maimaita aikin da daɗi ya biyo bayansa, tana barin wanda bai haifar mata da kome ba. Amma dabba tana haɗa sakamako ne da abin da ta yi yanzu-yanzu. Karen da ya tauna takalmi da ƙarfe 8 aka doke shi da ƙarfe 2, abin da ya koya shi ne dawowar Malam tana zuwa da sanda. Tsoronsa ya zama biyu ke nan, na fita da na dawowa.

Wani zai ce, "Ai ya san ya yi laifi, ba ka ga yadda yake sunkuyar da kai yana maƙale wutsiya ba?" A 2009 wata masaniya a Amurka, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan da karnuka 14. Mai kare ya hana karensa cin wani abinci ya fita, in ya dawo a gaya masa kare ya ci ko bai ci ba, wani lokaci a gaya masa abin da ba haka ba ne. Sai aka ga sunkuyar da kan ya fi yawa in an tsawata wa kare, ko ya ci ko bai ci ba. Ashe fushin mai shi yake gani, yana neman a yi masa sassauci.

Yadda ake koya masa zama shi kaɗai

1. Ka shirya masa wuri guda mai inuwa da iska da ruwan sha. Zafin Azare a watan Afrilu ya kan wuce digiri 40, kare kuwa da haki yake sanyaya jikinsa, in an ɗaure shi a rana yana iya mutuwa. Ka riƙa ba shi abinci a wurin, ya zama wurin daɗi.

2. Ka rage wa alamun fita ƙarfi. Pavlov na Rasha ya nuna kare yana haɗa alama da abin da ke bin ta. Saboda haka ka riƙa sa hula, ka ɗauki makulli, sa'an nan ka koma ka zauna. In ka yi haka sau da yawa a yini, makulli zai daina tayar masa da hankali.

3. Ka fita bayan ƙofa na 'yan daƙiƙoƙi ka dawo tun bai fara kuka ba. In ya jure, ka kai minti 1, sa'an nan 2, 5, 10, har 30. Ran da ya firgita, ka koma matakin baya. Abin ya kan ɗauki makonni, amma sannu ba ta hana zuwa.

4. Kada ka yi dogon ban kwana, kada kuma ka yi ɗoki in ka dawo. Ka bari ya natsu tukuna ka shafa shi.

5. Ka ware abin tauna mafi daɗi, ka ba shi sai lokacin fita kaɗai.

6. Muddin ana horon nan, kada a bar shi shi kaɗai na sa'o'i, don yini guda na firgita yana rushe aikin mako. Ka fara cikin dogon hutu, ko ka sami wani a gida ya zauna kusa da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙaro wani kare ba lalle ya yi magani ba, don kewar mutum yake yi. In abin ya yi tsanani har yana ji wa kansa rauni, a kai shi wurin likitan dabbobi, akwai magungunan da ke taimaka wa horo. Kada a ba shi maganin mutane da ka, waɗansu guba ne gare shi.

Gargaɗi

Akwai tauna iri guda da ba ta shiga cikin ukun nan ba. In babban kare mai hankali ya sauya hali farat ɗaya, yana cizon icce da dutse da sarƙarsa, muryarsa ta sauya, miyau yana zuba, to, a yi zaton ciwon haukan kare ne. Kada a taɓa shi, kada a sa hannu a bakinsa wai ƙashi ya maƙale. A kulle shi, a janye yara, a kira ma'aikatan dabbobi. Wanda ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar don allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar nan tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare. In alamunta suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar rigakafinta. A yi wa kwikwiyo in ya kai wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara. Shi ya sa korar kare mai ɓarna ba ƙaramin abu ba ne, don karen da aka kora ba mai yi masa allura, kuma hanyar da yake yawo ita yaranmu ke bi zuwa makaranta.

A ƙarshe, 'yan'uwa, ba ina kwatanta ɗan mutum da kare ba ne, amma ka'idar koyo da muke karantawa tana aiki a nan ma. Ran da aka buɗe makaranta za mu ga yaro a aji ɗaya yana kuka bakin ƙofa don uwarsa ta tafi, wani yana tauna fensir, wani yana yage littafi don ya gama aiki ba a ba shi wani ba. Kafin hannu ya kai ga bulala, mu tambayi kanmu: ciwo ne, ko zaman banza, ko tsoro? Kowanne da maganinsa. Allah ya ba mu haƙurin bincike, amin.