Yawan Suma Lokacin Yunwa da Ƙarin Insulinoma

Fankiriyas wata doguwar gaɓa ce da ke kwance bayan tumbi, wadda ke samar da ruwan narkar da abinci da sinadarin insulin mai rage sukarin jini. Cikin ƙarin da ba kasafai yake fito mata ba akwai insulinoma, wanda ke kama mutum 1 zuwa 4 cikin miliyan a shekara, kuma yana zubo insulin ko da ciki babu komai.

Alamunsa ne ke ɓatar da mutane. Manomin rani da ya sauka gonakin Bakolori daga Bakura ko Maradun bai karya kumallo ba, ko mai azumi da la'asar, sai gumi ya keto masa, jiki ya ɗau rawa, ya shiga sambatu har ya faɗi, dangi kuwa su ce farfaɗiya ce ko iska, alhali in bai kai ga suma ba, kunu mai sukari ko dabino yana dawo da shi hayyacinsa cikin mintoci.

Tun 1938 likitan fiɗa Allen Whipple na Amurka ya kafa sharuɗɗa uku na zargin wannan cuta: a ga alamun, a auna sukari a lokacin a same shi ƙasa ƙwarai, sannan alamun su gushe bayan an ba da sukari. Na biyun ne ake yawan sakaci da shi, ga shi kuwa ƙaramar na'urar awon sukari ta asibitin Talata Mafara ko kemis ta isa somawa, matuƙar an rubuta sakamakon da lokacinsa. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake garzayawa da shi.

Dole likita ya fara kawar da sanadan da suka fi yawa, wato ƙwayoyin ciwon sukari irin su glibenclamide, da zazzabin cizon sauro mai tsanani, da kwinin. In zargi ya tsaya, sai a tura majiyyaci Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, don a hana shi abinci ƙarƙashin kulawa har zuwa awa 72, ana auna sukari da insulin. Hoton CT ko MRI sai bayan jini ya tabbatar, domin ƙarin yawanci bai kai santimita 2 ba, kuma hoton ciki na gama-gari kan kasa ganinsa. Kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan ƙari ba ciwon daji ba ne, fiɗa ce ke warkar da su.