Darasi na Biyar: Zaman Lafiyar Zaɓe Daga Unguwa Yake Farawa

Ya ku matasan da za su kaɗa ƙuri'a karo na farko, a darussan da suka gabata mun yi bayanin yadda ake rajista, da yadda ake karɓar katin zaɓe, da yadda ake dangwala yatsa ba tare da an lalata takardar ƙuri'a ba. Wannan darasi kuwa ya shafi aikin da babu na'urar da za ta yi muku shi, wato tsare zaman lafiyar unguwarku kafin zaɓe, da ranar zaɓe, da bayan an faɗi sakamako. Jami'an tsaro suna da nasu aikin, hukumar zaɓe ma tana da nata. To amma jami'in da za ku gani a rumfar zaɓe, sau da yawa baƙo ne, bai san sunan kowa a layi ba. Ku ne kuka san wane ɗan wane, kuka san wanda ke da saurin fushi, kuka kuma san dattijon da idan ya yi magana ake saurarawa.

Garin Lafiya ya zama babban birnin jiha ne ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da aka cire Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato. Wanda ya zaga kasuwar garin da hantsi zai ji Hausa, ya ji Eggon, ya ji Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Fulatanci, ga kuma zuriyar Barebari waɗanda suka kafa masarautar. Musulmi da Kirista suna haya a gida ɗaya, wani lokaci ma uwa ɗaya ce ta haife su. Wannan cuɗanya arziki ce, sai dai ba ta tsare kanta da kanta. A 2001 rikicin ƙabilanci ya ci rayuka a kudancin jihar, ya kori dubban mutane daga gonakinsu. A 2012 da 2013 an ƙona gidaje a Assakio da Agyaragu da Obi, kuma a watan Mayun 2013 aka kashe jami'an tsaro masu yawa a ƙauyen Alakyo, nan kusa da Lafiya. Yawancinku kuna ƙanana a lokacin. Ku tambayi iyayenku yadda hanya ta kasance, da yadda amfanin gona ya lalace saboda babu mai zuwa girbi. Ba mu kawo waɗannan sunaye don ɗora wa wata al'umma laifi ba. Kowace ta yi jana'iza.

Galibin waɗannan rigingimu a kan gona da kiwo da sarauta da zancen ɗan ƙasa da baƙo suka taso. Abin da ya haɗa su da darasinmu shi ne, lokacin zaɓe ne tsofaffin raunuka suka fi saurin tashi, domin akwai mai neman ƙuri'a da zai ga riba cikin fama su. Ƙasa baki ɗaya ta ga haka a watan Afrilun 2011, lokacin da tarzomar da ta biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa ta hallaka sama da mutum 800 a jihohin Arewa cikin kwana uku, har da matasa masu yi wa ƙasa hidima da aka kashe a Jihar Bauchi bayan sun yi aikin zaɓe. Shekarunsu ba su fi naku da yawa ba.

Akwai wani labari da ya kamata kowane ɗan Lafiya ya sani, domin a bakin ƙofarmu ya faru. Wanda ya bi hanyar Shandam daga Lafiya zai isa yankin garin Yelwa, cikin Jihar Filato. A 2004 an yi kashe-kashe biyu a garin, na farko a Fabrairu, inda Kiristoci suka fi mutuwa, na biyu a farkon Mayu, inda aka kashe ɗaruruwan Musulmi. Abin ya kai Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato ranar 18 ga Mayu na shekarar. Da yawa daga waɗanda suka tsira nan Lafiya suka gudo. Soja ya tsayar da harbi, amma soja ba zai iya sa mace ta koma rijiya ɗaya da wadda take zargin ɗanta da kashe mijinta ba. Cikin waɗanda suka ɗauki wannan aiki akwai mutum biyu daga Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. Dukansu sun taɓa jagorantar matasa masu faɗa da juna. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, kowanne yana ɗari-ɗari da ɗan uwansa, daga baya suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai. A Yelwa sun zaunar da shugabannin al'ummomin, kowa ya faɗi abin da aka yi masa a gaban wanda yake zargi, har aka kai ga sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a 2005. Ku lura, babu ɗayansu da ke riƙe da muƙamin gwamnati, kuma babu wanda ya bar addininsa ko ya rage shi don ya zauna da ɗayan.

A matakin ƙasa ma an bi irin wannan hanya. Ranar 14 ga Janairu, 2015 'yan takarar shugaban ƙasa suka sa hannu a Abuja kan alkawarin kauce wa tashin hankali, kuma kwamitin zaman lafiya na ƙasa, ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar tare da Bishop Matthew Hassan Kukah, ya ci gaba da bin wannan al'ada a zaɓukan da suka biyo baya. Abu ne mai kyau. Sai dai takardar da aka sa wa hannu a Abuja ba ta da ƙafar da za ta zo Bukan Sidi ko Tudun Gwandara ko Shabu. Idan ba a sami masu maimaita alkawarin a majalisar shayi da tashar 'yan acaba da ƙungiyar mata da filin ƙwallo ba, a takarda zai tsaya.

Bari in ɗan ratse, a matsayina na wanda aikinsa fassara ne. Duk lokacin da muke mayar da takardun wayar da kai zuwa Hausa, akwai kalmar da nake tsayawa a kanta. Bahaushe ya raba abokin hamayya da abokin gaba. Abokin hamayya shi ne wanda kuke neman abu ɗaya, kamar 'yan kokawa biyu da za su tashi daga fili su sha ruwa a kwano ɗaya. Abokin gaba kuwa wanda ba a ga maciji da shi ne. A lokacin yaƙin neman zaɓe za ku ji masu magana suna musanya ta farkon da ta biyun da gangan, su ƙara da "maƙiya" da "'yan zuwa" da "waɗancan mutanen". Ita ma kalmar "yaƙin neman zaɓe" ba ta taɓa kwanta mini ba, amma ta riga ta zauna a bakin jama'a, ba yadda za mu yi da ita. Idan kun ji an fara kiran maƙwabcinku da sunan da ba za a iya faɗa a gabansa ba, to an fara shirya ku ne don wani abu da ya wuce ƙuri'a. Al'adunmu sun san maganin wannan tun da daɗewa: wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, ko tsakanin Fulani da Tibi, hanya ce ta faɗa wa juna magana mai zafi a yi dariya a wuce.

Kada wani ya fahimci wannan darasi da cewa ana roƙonku ku yi shiru ne. Shirun wanda aka zalunta ba zaman lafiya ba ne, kuma ba ya daɗewa. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ku 'yancin faɗin albarkacin baki, sashe na 40 ya ba ku 'yancin taro cikin lumana da shiga ƙungiya. Ita kanta ƙuri'ar da 'yan mata cikinku za su kaɗa, fafutuka ce ta kawo ta. Matan Arewa ba su sami damar zaɓe ba sai 1976, bayan 'yan uwansu na Kudu sun daɗe suna yi, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha duka da ɗauri sau da dama a kan wannan magana ba tare da ta ɗauki makami ba. Haka nan a zamaninku, ƙungiyoyin matasa ne suka yi ta bin majalisun jihohi da ta tarayya har aka sa hannu, ranar 31 ga Mayu, 2018, kan gyaran da ya rage shekarun takarar majalisar wakilai da majalisar jiha daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa kuma daga 40 zuwa 35. Da takarda da tattaki da naci aka ci wannan nasara.

Jiharmu ma tana da nata misalan. A 2011 masu zaɓe a Nasarawa sun sauya gwamna mai ci, Aliyu Akwe Doma, da Umaru Tanko Al-Makura na jam'iyyar adawa, da ratar da ba ta kai ƙuri'a dubu biyar ba. Duk mai ce muku ƙuri'a ɗaya ba ta da tasiri, ku tuna masa da wannan. Zaɓen gwamna na 18 ga Maris, 2023 kuwa ya jawo jayayya mai zafi. An bayyana Abdullahi Sule a matsayin wanda ya yi nasara, David Ombugadu ya garzaya kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, wadda ta ba shi gaskiya a Oktoba. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan hukunci a Nuwamba, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da Sule ranar 19 ga Janairu, 2024. A tsawon waɗannan watanni, mata sun yi ta fitowa zanga-zangar lumana a Lafiya. Wannan ɗan littafi ba ya goyon bayan kowane ɓangare, kuma har yau ra'ayin mutanen garin ya bambanta. Abin lura shi ne kowane ɓangare ya ɗanɗani hukuncin da bai yi masa daɗi ba, amma a kotu aka ƙare maganar. Bayan hukuncin ƙarshe an kama wasu masu zanga-zanga aka gurfanar da su bisa zargin tayar da hankalin jama'a. Saboda haka mai shirin fita zanga-zanga ya kamata ya san iyakar haƙƙinsa, ya sanar da hukuma, ya kuma naɗa masu lura da sahu, domin mutum ɗaya da dutse a hannu ya isa ya ɓata tafiyar mutum dubu.

To mene ne naku aikin? Mafi yawansa kafin ranar zaɓe ne. Ku san sauran matasan rumfarku da ke goyon bayan wata jam'iyya, ku karɓi lambar wayar juna tun ana dariya. Ku je wurin mai unguwa da liman da fasto da shugabar mata ku nemi a yi zama ɗaya, ko da na awa guda ne, a yarda a kan wanda za a kira idan magana ta taso. Na taɓa shaida amfanin wannan a wata rumfa. Wajen azahar sai labari ya bazu cewa an sace akwati a rumfar da ke gaba, layi ya fara watsewa, wasu suna neman sanduna. Samari biyu, kowanne wakilin jam'iyyarsa, suka hau babur ɗaya suka je suka gani da idonsu, suka dawo suka faɗa da baki ɗaya cewa ƙarya ce. Da ɗayansu kaɗai ya je, da rabin layin bai yarda ba. Jita-jita a yau ta fi yawa a WhatsApp da Facebook, sau da yawa da tsohon hoto daga wata ƙasa. Kafin ku tura, ku tambayi kanku wa ya gani, a ina, yaushe.

Akwai kuma batun kuɗi. Wanda ya ba ku kuɗi ko ƙwaya don ku tsorata masu zaɓe ko ku fasa akwati, ba zai tsaya tare da ku a gaban alƙali ba, kuma 'ya'yansa ba sa cikin ayarin. Sayen ƙuri'a da sayar da ita duka laifi ne a dokar zaɓe. Haka nan neman ƙuri'a, ko ɗaga alamar jam'iyya, ko riƙe makami a cikin tazarar mita 300 daga rumfa ranar zaɓe. Adalci ma yana da wurinsa a layi: tsofaffi da masu juna biyu da masu shayarwa da masu buƙata ta musamman su ake fara ba wa dama, kuma wanda aka haifa a wata jiha amma ya yi rajista a rumfarku yana da haƙƙi daidai da naku. Idan kun ga ana hana shi, ku sanar da shugaban rumfa ko jami'in tsaro, ku tsaya kusa da shi har ya kaɗa.

Bayan kun kaɗa ƙuri'a kuna iya tsayawa cikin natsuwa ku ga ƙidaya. Za a ƙirga a fili, a rubuta sakamako a takardar EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu su karɓi kwafi, a kuma liƙa sakamakon a rumfar. Ku rubuta alƙaluman ko ku ɗauki hoton abin da aka liƙa. Idan daga baya aka yi jayayya, ɗan takara yana da kwana 21 daga ranar bayyana sakamako ya shigar da ƙara, kotun kuma tana da kwana 180 ta yanke hukunci. Kotu da takardu da shaidu take aiki. Rumfar da aka tarwatsa kuwa ana iya soke zaɓenta, ƙuri'ar da kuka sha rana kuka kaɗa ta tafi a banza tare da ta kowa.

Kafin darasi na gaba, kowannenku ya nemo suna da lambar rumfarsa kamar yadda suke a katinsa, ya je ya ga wurin da ƙafarsa. Sannan ya rubuta sunayen mutum uku a unguwar, waɗanda ba jam'iyyarsu ɗaya ba, ba kuma dukansu addininsu ɗaya ba, da yake ganin jama'a za su saurara musu idan hankali ya tashi. A cikin ukun a sami aƙalla mace ɗaya. Ku zo da takardar, za mu fara da ita.